Juyin Waina a Aji: Darasi a Gida, Aiki a Gaban Malam

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malaman darasin yamma na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da malamai da aka yi a nan Sabo, Ibadan. Mun kawo shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.)

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka, shugaban wannan taro, malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da iyayenmu mata, 'yan'uwana malamai, ƙannena ɗalibai. 

Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, duk da cewa akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sani a wannan zaure. Kafin in shiga magana, bari in faɗi abin da ya jawo ta. Makonni kaɗan da suka wuce, wani dattijo da nake ɗauka tamkar uba ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Ya ce, "Malam, ashe ku ne kuke tura yara su riƙa karɓar wayar iyayensu? Mu muna faman raba su da ita, ku kuna mayar musu?" Na ce, "Baba, gaskiya ne, ni na ce a ba su." Ya ce, "To sai ka zo ka yi wa jama'a bayani, don ba ni kaɗai ke wannan ƙorafi ba." To ga ni na zo. Kuma ƙorafin nan yana bisa hanya, domin wanda ya haifi ɗa yana da haƙƙin ya tambayi duk abin da ake yi da ɗansa.

INDA GIZO KE SAƘAR

Jama'a, mu fara duba yadda ake karatu a yanzu. Darasi ɗaya a sakandare minti 40 ne, wani wurin ma 35. Malami zai shigo, ya goge allo, ya yi ta bayani yana rubutu, yara suna kwafa. Kafin ya ce "akwai mai tambaya?" an kaɗa ƙararrawa. Sai ya rubuta musu aikin gida guda goma, ya ɗauki allinsa ya fita.

To a nan nake so mu tsaya. Sauraron bayani shi ne ɓangare mai sauƙi na karatu. Mai wuyar shi ne lokacin da yaro zai ɗauki biro ya warware lissafin da kansa. A nan ne yake cijewa, a nan ne yake neman wanda zai ce masa "ga inda ka ɓata." Amma mun tsara abin ta yadda mai sauƙin ake yi a gaban malami, mai wuyar kuma a aika yaro ya je ya yi a gida shi kaɗai.

A gidan kuma wa zai tarar? Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su yi boko mai zurfi ba. Uba ya wuni a Bodija ko Sasa ko kasuwar shanu, ya dawo a gajiye. Uwa tana da karatun Alƙur'ani daidai gwargwado, amma in aka kawo mata lissafin aji uku na ƙaramar sakandare, sai ta ce a jira yayansa. Yayan kuwa yana can yana acaɓa ko yana tsaron shago. Ƙarshenta yaron zai rufe littafi, da safe ya kwafi na abokinsa a bakin aji. Malami ya duba ya ga an ci, ya zaci an gane, ya wuce gaba. Sai ranar jarrabawa asiri ya tonu.

Bugu da ƙari, yaron Sabo yana da nauyin da wasu ba su da shi. Da Hausa yake tashi a gida, da Yarbanci yake wasa a waje, da Turanci kuma ake koya masa. In malami ya yi bayani da Turanci ya ga fuskokin yara ba su sake ba, sai ya juya zuwa Yarbanci, kuma ban ga laifinsa ba, don yawancin ajinsa ke nan. Yaranmu da aka haifa a nan suna ji, wasu ma sun fi shi iyawa. Amma wanda aka kawo daga Arewa bara ko bana, ba shi ga Turancin, ba shi ga Yarbancin. Ga kuma tafiye-tafiyenmu. Sallah ta zo a tafi gida, biki ya taso a tafi, a yi rasuwa a tafi, sai a share mako uku ko wata guda. Lissafi kuwa kamar jeren tubali ne, in aka tsallake layi ɗaya, duk abin da aka ɗora a sama zai karkace.

MENE NE JUYIN WAINA?

Dabarar da muka ɗauko mai sauƙin faɗi ce. A juya abin. Bayanin da malami yake yi a gaban allo, a ɗauke shi a bidiyo gajere, yaro ya kalla a gida. Aikin da ake ba shi ya yi a gida kuma, ya zo ya yi shi a aji, ga malami a tsaye, ga 'yan'uwansa a gefe. Na ƙasa ya koma sama, na sama ya koma ƙasa, shi ya sa ni nake kiran abin juyin waina. Iyayenmu mata sun fi ni sanin cewa in aka bar waina a gefe ɗaya, ƙasa za ta ƙone, sama kuma ɗanya.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A shekarar 2007 wasu malaman kimiyyar sinadarai su biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suna koyarwa a sakandaren wani ƙaramin gari mai suna Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. Matsalarsu irin tamu ce. Makarantun yankin suna nesa da juna, ɗalibai kan yi doguwar tafiya a mota zuwa gasar wasanni, darussa su wuce su. Malaman nan suka gaji da maimaita darasi ɗaya ga kowane wanda ya dawo, sai suka fara ɗaukar bayaninsu da murya da hoto suna sakawa a intanet. Sai suka lura har waɗanda ba su yi fashi ba suna komawa su kalla. Daga nan suka ce, to me zai hana kowa ya kalli bayanin tun daga gida, mu kuma mu ba da lokacin aji ga aiki da tambaya? Yaran da ba su da intanet a gida, sai suka riƙa sa musu darasin a faifan DVD da ɗan filashi. A 2012 suka buga littafi a kan abin, ya bazu cikin duniya.

Akwai kuma wani bawan Allah mai suna Salman Khan. Samari, ku daina murmushi, ba ɗan wasan Indiyan nan ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Wannan Ba'amurke ne, ya fara koya wa wata ƙaramar 'yar'uwarsa lissafi ta waya a 2004. Da 'yan'uwa suka yi yawa, sai ya fara saka darussan a YouTube a 2006, a 2008 kuma ya kafa Khan Academy, wadda darussanta kyauta ne. Abin da ya ja hankalina a labarinsa shi ne, 'yan'uwan nasa sun nuna masa sun fi son bidiyon a kan zama da shi, saboda suna iya tsayarwa su koma baya ba tare da jin nauyin kowa ba. Ku duba wannan da kyau. Mu da muke tarbiyyar 'ya'yanmu a kan kunya, yarinyarmu za ta iya zama shekara guda a aji ba ta ɗaga hannu ta ce "ban gane ba." Bidiyo kuwa ko sau goma ta mayar da shi baya, ba zai yi tsaki ba, ba kuma wanda zai yi mata dariya.

Allah ya gafarta malam, na san limamanmu suna cewa a ransu, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Haka ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san muɗala'a. Ɗalibin kirki ba ya zuwa gaban malam da littafin da bai buɗe ba. Tun da dare zai duba inda za a biya masa gobe, ya gane abin da ya gane, ya riƙe inda ya shige masa duhu, da safe ya kawo. Wanda ya yi muɗala'a da wanda bai yi ba, ko a zama ɗaya malam yana bambance su. Abin da muke yi ke nan da boko, sai dai yaro ɗan shekara goma sha uku ba zai iya buɗe littafin lissafi na Turanci ya fahimta shi kaɗai ba, shi ya sa muke haɗa shi da muryar malami.

YADDA NA FARA NA FAƊI

Ba zan ɓoye muku ba, gwajina na farko bai yi kyau ba. Na shiga YouTube na samo wani darasi mai kyau na wani Bature, kusan minti 40, na tura wa yara na ce kowa ya kalla. Washegari na tambaya, waɗanda suka kalla har ƙarshe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wani ya ce data ta ƙare a tsakiya. Wata ta ce Turancin mutumin ta hanci yake fita, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Wani ya ce babansa ya fita da wayar. Wani kuma, wanda na yaba wa gaskiyarsa, ya ce ya fara, barci ya ɗauke shi.

Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na ɗauki alli na sake yin bayanin daga farko. Kun san abin da na koya wa yaran ran nan? Na koya musu cewa ko ka kalla ko ba ka kalla ba, malam zai maimaita. Mako na gaba har 'yan ƙalilan ɗin da suka kalla suka daina. Na kusa watsar da abin gaba ɗaya. Da na zauna na yi tunani, sai na ga laifin nawa ne. Na ɗauki dogon wa'azin da nake yi a aji na mayar da shi cikin waya, ban canja komai ba.

YADDA MUKE YI YANZU

Na farko, bidiyo ya zama gajere, magana ɗaya tak. A 2014 wasu masu bincike a Amurka sun duba yadda mutane suka kalli darussa kusan sau miliyan 7 a dandalin karatu na edX, suka tarar cewa bayan kamar minti 6 hankalin yawancin masu kallo yana barin wurin. Manya ke nan masu neman ilmin jami'a, balle yaron da ya wuni a rana. Don haka namu ba ya wuce minti 6 zuwa 8.

Na biyu, malami ya kalla tukuna kafin ya tura. Darussa suna nan jingim. Akwai Khan Academy. Akwai malaman Nijeriya da dama a YouTube da ke bin manhajar WAEC da NECO, da Turancin da kunnen yaranmu ya saba da shi. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, shi ma kyauta. Amma ba duk abin da ke intanet ne daidai ba, na sha ganin mai koyarwa ya yi kuskure a lissafi yana ta murmushi. In ban sami wanda ya dace ba, ni nake yin nawa. Ba wani kayan aiki nake da shi ba. Littattafai nake tarawa, in ɗora waya a kai tana kallon farar takarda, hannuna kawai ake gani. Bayanin da Hausa nake yi, amma sunayen abubuwa ina faɗinsu ina rubuta su da Turanci, domin da Turanci za a yi jarrabawa, kada yaro ya je ya ga kalma ya kasa gane ta.

Na uku, ba a kallo hannu rabbana. Yaro zai zauna da biro da littafi. Zai kwafi misalin da aka yi, sannan ya rubuto tambaya ɗaya. Tambayar nan ita ce kuɗin shiga ajina. Wanda ya zo babu ita, ba na dukansa, ba na korarsa. Zai koma bayan aji, in ba shi wayata ya kalli darasin, sannan ya zo ya tarar da 'yan'uwansa sun yi nisa. Ba na maimaita bayani. Yaro ba ya son a bar shi a baya, sau biyu in ya zauna a can, na uku da tambayarsa zai zo.

Na huɗu, kuma shi ne ƙashin bayan abin duka, me za a yi da lokacin da aka samu a aji? Bari in ba ku misali da abin da ya faru a gabana. Na tura musu darasin haɗa rabi da sulusi. Da suka zo na rubuta a allo: 1/2 a tara da 1/3, nawa ke nan? Na ba da amsa biyu, 2/5 da 5/6, na ce kowa ya zaɓa. Aji ya rabu. Da yawa suka ce 2/5, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ban ce musu komai ba. Na ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta saɓa, ya gamsar da shi. Wannan dabara ta wani malamin kimiyya ce a Jami'ar Harvard, Eric Mazur, wanda ya fara ta tun farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna haddace ƙa'ida ba tare da sun fahimce ta ba.

Ina zagayawa sai na ji wata yarinya, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, tana ce wa ta kusa da ita: "Ke, in Mama ta ba ni tallan naira 600, rabinsa 300 ne, sulusinsa 200, in kin haɗa 500. To 500 cikin 600 ai biyar bisa shida ke nan. Biyu bisa biyar ɗin nan naki naira 240 ne, ko rabin bai kai ba. Ya za a yi ki ƙara wa rabi wani abu ya ragu?" Jama'a, ni da takardar shaidar malanta ban taɓa kawo wannan misali ba. Yarinyar nan ta san lissafi tun tuni, a kan farantin talla ta koye shi. Da ina tsaye ina ta surutu minti 40, wallahi har ta gama makaranta ba zan san haka ba.

KADA MU YAUDARI KANMU

Ba na so wani ya fita daga nan yana cewa an samo maganin faɗuwa jarrabawa. Ba a samo ba. Kowa ya tuna 2020, lokacin korona, da aka rufe makarantu tun watan Maris aka yi watanni yara suna gida. An yi ta darussa a rediyo da talabijin da waya. Da aka dawo, mu malamai mun ga abin da muka gani. Darasi a akwati ba tare da malamin da zai duba littafin yaro ba, amfaninsa kaɗan ne.

Akwai kuma wani bincike da aka fitar a 2019, wanda aka yi a West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. An raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu aka juya musu darasi na ɗan lokaci, wasu aka bar su yadda aka saba. A lissafi, waɗanda aka juya wa sun fi cin gwajin da aka yi nan take. A darasin tattalin arziki ba a ga bambanci ba. Da aka kai jarrabawar ƙarshe kuma, fifikon ya ɓace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙoƙari tun asali, tazarar da ke tsakaninsu da na baya ta ƙaru. Wannan fa a wurin da kowane ɗalibi yake da kwamfuta da wuta ke nan.

To mu ɗauko wannan mu kawo Sabo. Ɗan mai hali yana da waya tasa, yana da data, gidansu akwai janareta. Maraya fa? Yarinyar da sai ta sayar da tallanta za ta dawo fa? Yaron da ke kwana a shagon maigidansa fa? In muka tura bidiyo muka naɗe hannu, mun ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, mun danne na ƙasa. Wannan shi ne tsorona, kuma shi ya sa abin ya fi ƙarfin malami shi kaɗai, sai da ku.

WAYA, DATA DA TARBIYYA

Maganar data, na san ta yi tsada, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Amma ba kowa ne zai sayi data ba. Mutum ɗaya zai sauke darasin, sauran a tura musu ta Xender ko Bluetooth, ko a zuba a memori. Wannan ba sai na koya wa kowa ba. Duk lungun da ka shiga akwai mai tura finafinai, kuma 'ya'yanmu sun san hanyar shagonsa. Memorin da ya ɗauki fassarar Indiya mai awa uku ba zai gaza ɗaukar darasin minti 6 ba.

Yanzu in dawo kan Baba da ya tare ni. Tsoronsa shi ne a ba yaro waya da sunan karatu, ya zarce inda bai kamata ba. Tsoron nan gaskiya ne, kuma ya faru. Akwai wanda aka ba waya don darasi, aka leƙa aka tarar da shi a ƙwallon Turai. Ga abin da muka tsayar. Ba mu ce a saya wa yaro waya ba. Ba mu ce ya shiga ɗaki da ita ba. Darasin yana cikin wayar tun da rana, don haka a kashe data kafin a miƙa masa. A tsakar gida ko a falo zai zauna, inda ido ke ganinsa, da sautin a buɗe kowa yana ji. Minti 15 sun ishe shi ya kalla sau biyu ya yi rubutu. Ya gama, ya miƙo. In yaro ya ce muku malam ya ce a bar masa waya har dare, ko ya ce a ba shi kuɗin data kullum, ku zo ku same ni, ba daga gare ni ya ji ba. Haka nan ba mu yarda a taɓa lokacin makarantar allo ko Islamiyya ba, kowane karatu da lokacinsa.

Kuma mu sani, hana su taɓa na'ura gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan. Gara yaro ya saba da karatu a fuskar na'ura a gaban uwarsa, da ya je ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa.

ROƘONA

Iyayenmu mata, ku na fi roƙo, don ku ne a gida. Ba sai kin iya lissafi ba. In ya gama kallo, ki ce, "Zo ka faɗa mini abin da malam ya ce." Ki sa shi ya yi miki bayani da Hausa. In ya iya, ya gane. In ya fara kame-kame, ki ce ya sake kallo. Kuma don Allah a sassauta wa 'yan mata aiki na wannan ɗan lokaci. Kada a ba namiji waya ya zauna, ita kuma a tura ta wanke-wanke har barci ya kwashe ta.

Iyayenmu maza, aron waya na minti 15 muke nema, sau uku a mako. In za a yi tafiya gida da yara, a sanar da mu kafin a tashi, mu zuba musu darussan makonnin a memori su tafi da su. In maƙwabcinka ba shi da babbar waya, ka bar ɗansa ya zauna kusa da naka. Zaman baƙunci ya koya mana cin abinci a kwano ɗaya, to wannan ma haka ne.

'Yan'uwana malamai, kada mu ɗauka wannan hanyar hutu ce. Aikin ƙaruwa yake yi. Ka fara da darasi ɗaya a mako, wanda ka san yara sun fi cijewa a kansa. Kuma in ka shiga aji, kada ka zauna a kujera, ka fara zuwa wurin yaron da ya fi kowa shiru.

Shugabannin ƙungiya, abu uku nake nema. A ba mu ɗaki ɗaya a ofishin ƙungiya, da talabijin mai karɓar filashi, da ɗan ƙaramin sola, domin duk yaron da ba shi da waya a gida ya zo ya kalla bayan La'asar, 'yan mata da lokacinsu, maza da nasu, da babba mai lura. A ware ɗan abin da za a riƙa sayen data da memori. Sannan a kira 'ya'yanmu da ke Jami'ar Ibadan da kwalejin fasaha, kowa ya ɗauki darasi biyu ko uku a fannin da ya iya, ya yi bayaninsu da Hausa. In muka tara su, sun zama dukiyar ƙungiya. 'Yan'uwanmu na Shagamu da Abekuta da Agege ma sai mu aika musu, su ma su aiko mana da nasu.

Kakanninmu sun zauna a wannan unguwa sama da shekara ɗari. Da goro da shanu suka kafa ta, suka riƙe mutuncinsu, suka bar mana masallatai da makarantu. Amma yau in ɗanmu ya yi rashin lafiya, likita nawa muke da su? In magana ta kai kotu, lauya nawa? Ba don 'ya'yanmu ba su da ƙwaƙwalwa ba ne, na ba ku labarin mai tallan naira 600. Da yawansu a aji biyu ko uku na sakandare suke sarewa, a kan wani ɗan abu da ba a sami wanda zai zauna da su minti biyar ya warware musu ba. Minti biyar ɗin nan muke ƙoƙarin samo musu.

Na ba da wa'adin zango ɗaya. In an yi jarrabawa, zan dawo gaban wannan taro da littattafan yara da sakamakonsu, kowane uba ya duba na ɗansa. In an ga amfani mu ci gaba, in ba a gani ba ku faɗa mini, in ajiye. Ƙofar ajina kuma a buɗe take, duk mai son ya zo ya zauna ya gani da idonsa, bismillah. Baba, da kai nake so a fara.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya ba mu ladan baki ɗaya. Inda na yi kuskure, ko na taka wani ban sani ba, ina neman gafara. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.